Kalmar "Pavement" da Hanyar Masu Tafiya a Ƙafa: Tarihin Wata Kalmar Ingilishi a Azuzuwan Kafancan da Madakiya

1.0 Gabatarwa

Daga cikin kalmomin Ingilishi da yaro ke cin karo da su tun a firamare, musamman a darasin kiyaye haɗurran hanya, akwai "pavement". Malami yakan rubuta ta a allo, ya ce ma'anarta gefen titi, a wuce gaba. Wannan maƙala za ta bi diddigin kalmar, ta duba inda ta samo asali, da yadda ta rabu gida biyu a bakin masu ita, da kuma ma'ana ta uku da ta samu bayan ta sauka a ƙasarmu. Mun ɗauki Kafancan da Madakiya a matsayin fagen nazari saboda a yankin ne ɗalibi yakan ji abu guda da harsuna uku a yini ɗaya: harshen gida, kamar Jju ko Tyap, da Hausar kasuwa da wurin ibada, da kuma Ingilishin aji. Abin da muke son nunawa shi ne, an koyar da kalmar shekaru masu yawa kafin abin da take nufi ya bayyana a titunan yankin, don haka jama'a suka ɗora ta a kan abin da suka sani. Mai tsara manhaja da bai san wannan tarihi ba zai ci gaba da rubuta umarnin da yaro zai fahimta a baibai, alhali kuwa umarnin ya shafi ransa.

2.0 Asalin Kalmar

Tushen kalmar daga Latin yake. Rumawa suna da aikatau "pavire", wato a doki abu ko a kirɓa shi har ya danƙare, daga nan suka sami "pavimentum", ƙasan ɗaki ko tsakar gida da aka bubbuge ya yi tauri. Ta hanyar tsohon Faransanci kalmar ta shiga Ingilishi wajen ƙarni na 13, kuma a lokacin ba ta da wata alaƙa ta musamman da masu tafiya a ƙafa. Duk filin da aka shimfiɗe da dutse ko tubali, ko a majami'a yake ko a kasuwa ko a tsakiyar hanya, sunansa ke nan.

Duk Bahaushen da ya ji wannan bayani zai tuna da daɓe. Kafin siminti ya wadata, idan za a kai amarya ko an gama sabon ɗaki, matan unguwa ne sukan taru, a zuba tsakuwa ko marmara, a yayyafa ruwa, kowace ta riƙe madaɓi suna bugu tare suna waƙa, har ƙasa ta kwanta. Daga bisani a shafe da ruwan makuba, wanda ake samu daga kwasfar ɗorawa, don daɓen ya yi ƙarfi da sheƙi. Aikatau "daɓa" ko "daɓe" da sunan da ya fito daga gare shi sun yi daidai da ginin kalmar Latin ɗin ƙwarai: suna ne da aka ciro daga aikin bugu. Ba aro ba ne, ba kuma dangantakar harshe ba ce. Mutane biyu ne da suka fuskanci matsala ɗaya, ta laka da ƙura, suka warware ta da hannu iri ɗaya, suka kuma raɗa wa sakamakon suna daga motsin hannun. A ganinmu wannan shi ne mabuɗin koyar da kalmar ga ɗalibin Hausa, kuma abin mamaki ne yadda ba a cika amfani da shi a aji ba.

Shi kansa abin da kalmar ta koma nufi daga baya, wato tudun da aka keɓe wa masu ƙafa a bakin titi, tsoho ne. A kangon birnin Fomfei na ƙasar Italiya, wanda dutse mai aman wuta ya binne a shekarar 79 Miladiyya, har yau ana ganin irin waɗannan tudduna a gefen hanyoyi, da manyan duwatsun tsallakawa a tsakiya. Sai dai al'adar ta yi rauni a biranen Turai na tsawon ƙarnoni, mutum da doki da amalanke suka koma cuɗanya a hanya guda. A Landan, dokar shimfiɗa titunan Wesminsta ta 1762 da wadda ta biyo baya a 1766 su ne suka ɗauke nauyin gyaran hanya daga kan masu gidaje suka ɗora wa hukuma, aka riƙa shimfiɗa faffaɗan dutse a gefe domin masu ƙafa. Tunda gefen ne ya fi kyan shimfiɗa, sannu a hankali sunan ya tattara ya koma kansa. A Amurka kuwa abin ya bi wata hanya. Can sun riƙe "sidewalk" ga hanyar masu ƙafa, suka bar "pavement" ga fuskar titin da mota ke takawa. A Indiya da Ostireliya an fi jin "footpath". Maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram, da suka yi karatu da Faransanci, "trottoir" suka sani.

Akwai wani ƙarin ruɗani da ya kamata malami ya sani. Injiniyoyin hanya, ko a Ingila ko a Nijeriya, idan suka ce "pavement" suna nufin dukkan shimfiɗun da aka jera aka gina titi da su, daga jar ƙasa da tsakuwa har zuwa kwalta. Ita ma dokar hanyoyi ta Ingila ta 1980 "footway" take kiran wurin masu ƙafa. Ke nan yaron da ya koyi ma'anar Ingila a firamare, idan Allah ya kai shi sashen injiniya a kwalejin kimiyya da fasaha, zai tarar da kalmar ta juya masa baya.

3.0 Kafancan: Garin da Dogo ya Haifa

Mutanen Fantsuwam sun daɗe a wurin, amma Kafancan a matsayin birni ɗan layin dogo ne. Layin gabas ya tashi daga Fatakwal ya isa Inugu a 1916 saboda kwal, ya ci gaba zuwa Makurɗi, sannan ya ratso ta Kafancan ya haɗe da layin yamma a Kaduna. A 1927 aka buɗe reshen da ya tashi daga Kafancan ya hau Jos domin kwasar kuza, kuma gadar Makurɗi da aka gama a 1932 ta kawar da wahalar ƙetare Binuwai da jirgin ruwa. Da haka wurin ya zama mahaɗa. Ma'aikatan reluwe daga kudu, Ibo da Yarbawa da sauransu, suka sauka, fatake Hausawa suka biyo, kuma a 1933 aka mayar da mazaunin Sarkin Jama'a cikin garin.

Garuruwan da aka yanka a wancan zamani sun bi tsarin Dokar Garuruwa ta 1917, ta zamanin Gwamna Lugga, wadda hankalinta ya fi karkata ga raba unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, har da barin fili na yadi 440 a tsakani da sunan tsaron lafiya. An ja layuka, an yanka filaye, an haƙa magudanan ruwa. Keɓe wa mai tafiya a ƙafa wurinsa bai zama abin damuwa ba, kuma da dalili: motoci kaɗan ne, hanyar kuwa ta kowa ce, mai ƙafa da mai keke da mai jaki.

Idan muka duba kalmomin da Hausa ta ara a wannan fage za mu ga shaidar hakan ƙarara. Mun sami "kwalta" daga sunan baƙin man kwal da ake malalawa, da "kwalbati", da "kwata", da "layi", da "siminti", da "kankare", da "tasha". Ita ma "titi" masana da dama suna ganin daga Ingilishi ta fito, ta biyo ta bakin Yarbawa. Kowace daga cikinsu sunan abu ne da leburan hanya ya taɓa da hannunsa, ko ya ji fomin yana kira. Amma babu wata kalmar aro da ta zauna a Hausa daga "pavement". Harshe ba ya aron sunan abin da masu shi ba su gani ba. Rashin kalmar a cikin rumbun aro shi kansa bayani ne na tarihi game da yadda aka gina garuruwanmu.

Ba wai Hausa ta rasa kalmomin hanya ba ne. Tana da "gwadabe" ga babbar hanya mai faɗi, da "turba" ga siririyar hanyar da ƙafa ta fitar, da "burtali" ga hanyar da ta ratsa tsakanin shingayen gonaki, da "labi" ga ta shanu, da "lungu" a cikin gari, da "tafarki" wanda ya fi zama a harshen malamai. Abin lura shi ne, duk waɗannan sun bambanta ne ta faɗi ko ta wuri ko ta abin da ke bi. Babu wadda ta ƙunshi tunanin a tsaga hanya ɗaya a tsaye, a ce nan na abin hawa, nan na mutum. Wannan tunani baƙo ne, tare da mota ya zo.

4.0 Yadda Kalmar ta Zama Dakali

Ta ƙofar makaranta kalmar ta shigo yankin. 'Yan mishan na SIM sun kafa tasha a Kwoi tun 1910, daga baya suka zauna a Kagoro, Katolika ma suka buɗe nasu makarantu, kuma da Hausa aka fara karantarwa a yawancinsu kafin a hau Ingilishi. Fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932 ta ƙara kafa harshen a tsakanin Bajju da Atyap da Ham da sauran al'ummu. Littattafan Ingilishin kuwa daga Ingila aka tsara su, ko a kan samfurin na can. Yaro a Madakiya, wanda Bajju ke kira Batadon, yana iya haddace jimlar da ke cewa a yi tafiya a kan "pavement", ya ci jarrabawa da ita, alhali hanyar da ya bi ya zo makaranta turba ce tsakanin gonakin dawa.

Kalmar da ba ta da abin nuni ba ta zama haka nan, sai ta nemi inda za ta sauka. A Ingilishin Nijeriya ta sauka a kan tudun siminti da ake yi a jikin gida ko a gaban kanti, inda ake zama da yamma, a wanke kwanuka, a shanya kaya. Idan mai gida ya ce wa magini ya yi masa "pavement" kewaye da gida don kada ruwan sama ya ci gindin bango, kowa ya gane, kuma babu mai tunanin titi. Wannan shi ne dakali a Hausa, tudun ƙofar gida da dattawa ke hira a kai. Wasu malaman Ingilishi suna ɗaukar wannan amfani a matsayin kuskure da za a ja wa jan biro. Mu ba mu ga haka ba. Hasali ma ya fi kusa da ma'anar Latin ta asali fiye da na Landan, domin daɓaɓɓen wuri ne a jikin gida. Ma'ana ce ta uku da ta samu gindin zama, kuma aikin manhaja shi ne ta san da ita.

Matsalar tana fitowa ne idan ma'anonin suka haɗu a kai ɗaya. A ɗauki ɗalibar ƙaramar sakandare a Kafancan. Littafin aji ya ce mata ta tsaya a kan "pavement" kafin ta tsallaka titi. A gida kalmar tana nufin dakalin ƙofarsu. A fim ɗin Amurka ko a wayar yayanta kuwa, idan aka ce mutum ya faɗi a kan "pavement", a tsakiyar kwalta ya faɗi. Umarnin da ke cewa a hau ta, da wanda ke cewa a sauka daga kanta, duka daidai ne, gwargwadon bakin da ya furta. Kafin shigowar finafinan bidiyo da tauraron ɗan'adam da intanet, Ingilishin Ingila kaɗai ke da iko a aji. Yanzu kunnen yaro ya fi jin na Amurka, littafinsa kuwa yana nan a kan na Ingila.

5.0 Da Abin ya Iso

A 2019 gwamnatin Jihar Kaduna ta ƙaddamar da shirin sabunta birane, wanda ya haɗa da Kaduna da Zariya da Kafancan, kuma a 2021 aka kafa hukumar kula da birnin Kafancan. A irin titunan da aka gina ƙarƙashin shirin an ga magudanan kankare da fitilu da wurin da aka ware wa masu ƙafa. Wato bayan kusan shekara ɗari da zuwan jirgi, abin da littafi ya daɗe yana ambata ya fara zama abin da za a nuna wa yaro da yatsa.

Sai dai duk wanda ya san garuruwanmu ya san abin da ke biyo baya. Mai shayi yakan kafa teburinsa a kai, mai faci ya baje kayansa, 'yan acaɓa su jera babura, mai kanti ya fito da buhunan shinkafa, mai tafiya kuwa ya koma kan kwalta yana kauce wa Keke Napep. Akan danganta wannan da rashin bin doka ko ƙarancin rumfunan kasuwa, kuma duka biyun gaskiya ne. Amma muna ganin akwai hannun harshe a ciki. Mutumin da ya tashi ya san cewa tudun siminti a gaban gini dakali ne, kuma dakali na mai gida ne, na zama ne da ajiye kaya, ba zai ga laifinsa ba idan ya yi da sabon tudun abin da ake yi da dakali. Ba a taɓa ba shi wani suna da zai gaya masa cewa wurin hanya ce, kuma tana da masu ita.

Da an fita gari kuwa, a kan hanyar da ta bi ta Madakiya ta nufi Zonkwa, batun tudu bai ma taso ba. Abin da ke akwai shi ne kafaɗar titi, ita ma da kaka takan zama wurin shanya. Kudancin Kaduna ne cibiyar noman citta a Nijeriya, kuma gefen kwalta wuri ne mai zafi da tsabta da manomi zai baza citta ko masara ko rogo. 'Yan makaranta su ne ke raba sauran wurin da manyan motoci. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗurran hanya kowace shekara, kuma fiye da kashi ɗaya cikin biyar masu tafiya a ƙafa ne.

6.0 Abin da ya Rage ga Masu Tsara Manhaja

Aikin ƙirƙirar kalmomi ba sabo ba ne a Hausa. Tun daga Hukumar Fassara da Hukumar Talifi a Zariya, zuwa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a 1939, zuwa aikin daidaita keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da aka buga a 1990, an saba zama a zaɓi suna. Amma ƙarfin ya fi tafiya ga nahawu da adabi da kimiyya da harkokin majalisa. Kalmomin titi an bar wa direbobi da 'yan jarida, su kuwa sun yi ƙoƙari: su suka ba mu "shataletale" da "gadar sama" da "danja".

Mun auna sunaye uku. "Dakalin titi" yana da saurin ganewa, amma yana ɗauke da cutar da muke son magancewa, domin gayyatar zama yake yi. "Daɓen titi" yana da daɗin tarihi, sai dai zai jefa mu cikin ramin da Ingilishi ya faɗa, tunda mai ji zai iya ɗauka fuskar kwaltar ake nufi. "Hanyar ƙafa" kuwa ta riga ta zama sunan turbar daji ko yanke. Wanda ya fi kwanta mana shi ne "hanyar masu ƙafa", gajarcewar abin da gidajen rediyo suka saba faɗa. Ba shi da ƙawa, amma ya kira wurin hanya, ya kuma faɗi masu ita. Daɓe sai a ajiye shi domin bayanin asali, a darasin da malamin Hausa zai jera ma'anoni ukun a allo, ta Ingila da ta Amurka da ta gida, ya tambayi ɗalibai yadda ake kiran kowace da Jju ko Tyap ko Hyam. A aji irin na Madakiya, inda Hausa ba harshen uwa ba ce ga yawancin yara, wannan mataki na ƙarshe wajibi ne.

Sauyin manufa ma ya ƙara wa batun nauyi. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince da koyarwa da harshen uwa a dukkan shekarun firamare, a 2025 kuma ta sanar da janye hakan da komawa ga Ingilishi. Kowace manufa ke ci, malamin da ke gaban yara 'yan shekara bakwai zai fassara da bakinsa, kuma abin da ya faɗa shi yaro zai tafi da shi titi.

Akwai kuma wani gado da ya kamata a bincika a tsofaffin littattafan da ke ɗakunan karatu na makarantu, da waɗanda ake kawowa kyauta daga waje. A Ingila mota hagu take bi, don haka ƙa'idarsu ta ce inda babu hanyar masu ƙafa a bi gefen dama, domin a fuskanci motar da ke tahowa. Nijeriya ma hagu take bi a da, amma ranar 2 ga Afrilu, 1972 ta koma dama. Ƙa'idar fuskantar mota ba ta sauya ba, kuma ita Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wadda aka kafa a 1988, take koyarwa, sai dai gefen ya juya. Yaron da zai tashi daga Madakiya ya nufi Kafancan da ƙafa gefen hagu zai bi, kuma duk littafin da ya ce masa dama, na wata ƙasa ne ko na kafin 1972.